Yadda Ake Fitar da Zakara a Gasar Kwalejoji ta Ƙage: Tambayoyi da Amsoshi

Gasar da ake bayani a kanta a nan ba ta da fili ko ɗakin wasa a ko'ina a duniya, kuma kwalejojinta goma sha biyu a kan takarda da cikin kwamfuta kaɗai suke. Amma rigimar da ke tashi a ƙarshen kowace kaka, game da wanda ya cancanci kambu, irin wadda ake yi ce a gasannin gaske, shi ya sa aka ɗauko yawancin dokokinta daga abin da wasannin jami'o'in Amurka suka koya cikin sama da shekara ɗari da hamsin, tun daga wasan ƙwallon ƙafa da jami'ar Rutgers ta ci jami'ar Princeton 6 da 4 a watan Nuwamba na 1869.

Tunda babu 'yan wasa na gaske, daga ina sakamakon wasanni yake fitowa?

Kowace kwaleji tana da jerin 'yan wasan ƙwallon kwando na ƙage, kuma kowane ɗan wasa an ba shi makin ƙwarewa a jifa, tsaron gida, gudu da juriya. Manhajar kwamfuta ce take haɗa waɗannan alƙaluma da wani kaso na sa'a ta fitar da sakamako. Ana saka sa'ar da gangan, domin in da ƙarfi kaɗai ke yanke hukunci da kowa ya san zakara tun ranar farko, kuma da babu dalilin buga ko wasa ɗaya. Wadda ta fi ƙarfi ta fi yawan nasara, amma ba kullum ba.

Yaya aka tsara kakar wasa?

An raba kwalejojin gida biyu, shida a kowane rukuni. Kowace ƙungiya tana karawa da 'yan rukuninta biyar sau biyu, gida da waje, wasa goma ke nan, sannan ta kara da ƙungiyoyi shida na ɗaya rukunin sau ɗaya-ɗaya, uku a gida uku a waje. Idan aka haɗa, kowace ƙungiya tana da wasa 16, gasar gaba ɗaya kuma wasa 96. Ana jera ƙungiyoyi a tebur bisa yawan nasara, ba bisa maki ba, saboda ba a tashi canjaras a ƙwallon kwando. Wasannin sada zumunta da na share fage ba sa shiga lissafi.

Zakara nawa ake fitarwa a kaka ɗaya?

Akwai kambu iri uku, kuma yawan ruɗanin da masu bibiya ke shiga daga nan yake farawa. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukuninta ita ce zakarar rukuni, don haka ana samun biyu kowace shekara. Wadda ta fi kowa nasara a cikin wasanni 16 ita ce zakarar kaka. Wadda ta ci wasan ƙarshe na zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa ita ce zakarar gasa, ita ake miƙa wa kofi, kuma sunanta ake rubutawa a sahun farko na kundin tarihi. Ƙungiya ɗaya tana iya haɗa duka ukun, kamar yadda kuma za a iya raba su tsakanin ƙungiyoyi uku daban.

Su wane ne ke shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale?

Ƙungiyoyi shida ne. Zakarun rukuni biyu suna samun matsayi na ɗaya da na biyu, kuma ba sa buga zagayen farko, kai tsaye suke wucewa wasan kusa da na ƙarshe. Sauran gurabe huɗu na ƙungiyoyin da suka fi nasara ne a cikin goman da suka rage, ba tare da duba rukuninsu ba, ta yadda idan rukuni ɗaya ya fi ƙarfi a wata shekara zai iya kawo ƙungiya biyar ɗaya kuma ya kawo zakararsa kaɗai. Ta uku tana karɓar ta shida a gidanta, ta huɗu tana karɓar ta biyar. Bayan haka sai a sake jeri, ta ɗaya ta kara da mafi ƙanƙantar matsayi a cikin waɗanda suka tsallake. Wasan ƙarshe ana buga shi a wurin da ba gidan kowa ba, wato a cikin manhajar ana cire ƙarin ƙarfin da ake ba mai masaukin baƙi. Wasanni biyar ke nan, domin a kowace gasar cire ɗaya yawan wasanni shi ne yawan ƙungiyoyi a ɗebe ɗaya.

Akwai abin suka a wannan tsari. Zakarar rukuni mai rauni tana iya samun hutun zagayen farko alhali wata ƙungiya da ta fi ta nasara tana can tana fafatawa a matsayi na uku. Gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta manyan jami'o'i ta ɗanɗana wannan a kakar 2024, shekarar farko da aka faɗaɗa zagayenta zuwa ƙungiya 12, inda aka keɓe hutun ga zakarun ƙungiyoyin yanki huɗu, sai dukansu huɗun suka faɗi a wasansu na farko, kuma a shekarar da ta biyo aka koma ba da hutun bisa matsayi kawai. An bar tsarin a wannan gasa ta ƙage duk da haka, domin in ba a ba cin rukuni wata riba ba, raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni ya zama ado kawai.

Me ya sa ba a ba wadda ta fi kowa nasara a kaka kofin kai tsaye?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a shafin nan, kuma masu yin ta suna da hujja. Wasa 16 ya fi wasa biyu ko uku nuna gaskiyar ƙarfin ƙungiya. Lissafi ma yana bayansu: a ɗauka akwai ƙungiyar da take da damar cin kowane wasa kashi 70 cikin ɗari, wadda a kowace gasa babbar ƙungiya ce. Idan sai ta ci wasa biyu a jere kafin ta ɗauki kofi, damarta ta sauko zuwa kashi 49, idan uku ne kuma ta koma kashi 34 da ɗan ɗori. Ma'ana, ko da hutun zagayen farko, ƙungiya mafi ƙarfi ta fi kusa da rasa kofin a kan ɗaukarsa. Akwai gasannin da suka daɗe suna riƙe da wannan ra'ayi. Jami'o'i takwas na Ivy League ba su fara gasar ƙarshen kaka ta ƙwallon kwando ba sai a 2017, kafin nan wadda ta ƙare a saman tebur ita ce ke wakiltarsu a gasar ƙasa.

Dalilin da ya sa ba a bi wannan hanya ba shi ne jadawalin bai zama ɗaya ga kowa ba. Ƙungiyar da ta faɗa rukuni mai ƙarfi tana buga wasa goma masu wuya, takwararta a ɗaya ɓangaren kuma tana tara nasara a kan raunana, saboda haka nasara 14 a nan ba lallai ta fi nasara 12 a can ba. In ana son tebur kaɗai ya yanke hukunci bisa adalci, sai kowa ya kara da kowa gida da waje, wanda zai kai wasa 22 ga kowace ƙungiya, 132 gaba ɗaya, kuma hakan ya yi wa kakar ɗalibai tsawo.

Dalili na biyu shi ne gasar kwalejoji da babu damar ƙarami ya kayar da babba ta rasa abin da ya sa ake ƙaunarta. Gasar ƙwallon kwando ta maza ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta fara da ƙungiya takwas a 1939, ta kai 64 a 1985, ta kai 68 a 2011, kuma abin da mutane suka fi tunawa da ita shi ne shekarun da lissafi ya rushe: Villanova ta ɗauki kofi a 1985 daga matsayi na takwas a ɓangarenta, UMBC kuma ta lallasa Virginia 74 da 54 a 2018, karo na farko da ƙungiya mai matsayi na goma sha shida ta fitar da mai matsayi na ɗaya a gasar maza. A ganin mai wannan rubutu, raba kambun kaka da kambun gasa shi ne sulhun da ya fi dacewa, muddin dai ba a mayar da zakarar kaka abin mantawa ba.

Me ya sa babu ƙuri'ar 'yan jarida ko kwamitin zaɓe kamar yadda ake yi a Amurka?

Saboda tarihin wannan hanya tarihin jayayya ne. Shekaru masu yawa babu wasan ƙarshe a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta manyan jami'o'i. Kamfanin dillancin labarai na AP ya fara tattara ƙuri'ar marubuta wasanni a 1936, aka ƙara ta masu horarwa a 1950, kuma duk shekarar da ƙuri'un biyu suka saɓa sai ƙasar ta tashi da zakara biyu. Haka aka yi a 1990 tsakanin Colorado da Georgia Tech, a 1991 tsakanin Miami da Washington, a 1997 kuma tsakanin Michigan da Nebraska. A 1998 aka kawo tsarin BCS, wanda ya haɗa ƙuri'un da lissafin kwamfuta domin a zaɓi ƙungiya biyu su buga wasan ƙarshe, amma a kakar 2003 lissafin ya bar USC a waje alhali ita ce ta ɗaya a ƙuri'un biyu, LSU ta ci wasan ƙarshe, AP kuma ta ba USC nata kambun. Shekara guda bayan haka Auburn ta ƙare kaka ba a ci ta ko sau ɗaya ba, amma ba ta samu gurbi ba.

Daga kakar 2014 zuwa ta 2023 aka koma ƙungiya huɗu waɗanda kwamiti mai mutum 13 yake zaɓa, kuma wannan ma bai kashe wutar ba. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kambun yankinta, amma kwamitin ya ajiye ta saboda babban ɗan wasanta Jordan Travis ya ji rauni, ya ɗauki ƙungiyoyin da aka taɓa ci.

Amurka tana da uzurinta, domin ƙungiyoyi sama da 130 ba za su iya karawa da juna a wasa goma sha biyu ba, dole wani ya yi hasashe. Gasar ƙungiya 12 da kowa yake haɗuwa da kowa aƙalla sau ɗaya ba ta da wannan uzuri. Bugu da ƙari, a gasar ƙage masu kula da ƙungiyoyin su ne za su zauna a kwamitin, kuma ba a ba kura ajiyar nama. Ana fitar da jerin ra'ayi kowane mako domin nishaɗi, amma ba ya ba kowa gurbi, ba ya kuma hana kowa.

Idan ƙungiya biyu suka ƙare da nasara daidai wa daida fa?

Ana bin matakai a jere, kuma da zarar mataki ɗaya ya raba su an tsaya. Da farko a duba karawar da suka yi da juna. Idan 'yan rukuni ɗaya ne kuma kowace ta ci ɗaya, sai a duba nasarorinsu a cikin rukuni. In nan ma sun yi kunnen doki, sai a kwatanta sakamakonsu da ƙungiyar da ta fi kowa matsayi, a yi ta sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya har a samu bambanci. Bayan wannan sai jimillar nasarorin ƙungiyoyin da kowace ta ci, sannan ratar ƙwallaye, kuma a ƙarshe ƙuri'a a gaban wakilan ɓangarorin biyu.

An ajiye ratar ƙwallaye a kusa da ƙarshe, an kuma taƙaita ta zuwa maki goma a kowane wasa, domin kada babbar ƙungiya ta ga riba a ci gaba da dukan wadda ta riga ta faɗi. BCS ta cire rata daga lissafin kwamfutocinta a 2002 saboda irin wannan damuwa, ma'aunin NET na auna ƙarfin ƙungiyoyin ƙwallon kwando da NCAA ta fara amfani da shi a 2018 kuma da wannan iyaka ta maki goma ya fara.

In ƙungiya uku ne ko fiye?

Nan ne dokoki suka fi karyewa, kuma akwai misali sananne. A 2008, a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a rukunin kudu na Big 12, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin yanki na jami'o'in Amurka, Oklahoma da Texas da Texas Tech duk sun ƙare da nasara bakwai da rashin nasara ɗaya. Texas ta ci Oklahoma 45 da 35, Texas Tech ta ci Texas, Oklahoma kuma ta ci Texas Tech, don haka karawar juna ba ta raba komai ba. Dokar ta gangara har zuwa matsayin BCS, aka tura Oklahoma wasan ƙarshe, magoya bayan Texas kuwa suka yi ta ɗaga alluna ɗauke da 45 da 35.

A wannan gasa ta ƙage ana ware ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki a yi musu ƙaramin tebur na wasannin da suka buga tsakaninsu kaɗai. A ce A da B da C 'yan rukuni ɗaya ne, kowace da nasara 11. A ƙaramin teburin A tana da nasara uku cikin huɗu, B biyu, C ɗaya, to magana ta ƙare. Amma idan A da B suna da uku-uku C ba ta da ko ɗaya, sai a cire C, a mayar da A da B matakin farko na dokar ƙungiya biyu, ba a ci gaba daga inda aka tsaya ba. Wannan komawa baya tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce ke hana a fifita ƙungiya a kan wadda ta doke ta ido da ido bayan ta ukun da ta rikita lissafi ta fita. Idan ƙaramin teburin ya zama zobe kamar na 2008, sai a bi sauran matakan da ƙungiyoyin uku tare har ɗaya ta rabu, sannan biyun da suka rage su koma farko.

Ana iya raba kambu tsakanin ƙungiya biyu?

Kambun kaka ana iya raba shi, domin idan ƙungiya biyu suka yi nasara daidai a wasa 16 babu laifi a rubuta sunayensu tare, matakan raba gardama kuwa matsayin zagaye na gaba kawai suke yankewa. Kambun rukuni da kofin gasa ba a raba su. Big 12 ta ga illar rashin zakara guda a 2014, lokacin da ta ayyana Baylor da TCU a matsayin zakaru tare duk da Baylor ta ci TCU 61 da 58, kwamiti ya bar su duka biyun a matsayi na biyar da na shida, kuma a 2017 ta dawo da wasan ƙarshe. Tun kafin wannan, a 1973, Ohio State da Michigan sun tashi 10 da 10, aka bar wa daraktocin wasanni na ƙungiyar yankinsu ta Big Ten su kaɗa ƙuri'a, suka tura Ohio State babban wasan bayan kaka na Rose Bowl, kuma har yau ana ambaton wannan hukunci da ɗaci a Michigan.

Idan lokaci ya cika ana kunnen doki a wasan ƙarshe fa?

Ana ƙara minti biyar, a sake ƙarawa, har sai an samu mai nasara. Babu iyaka. Syracuse da Connecticut sun yi ƙarin lokaci sau shida a gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyar yanki ta Big East ta 2009 kafin Syracuse ta ci 127 da 117.

Me ya sa wasan ƙarshe sau ɗaya ake buga shi?

An tattauna yin wasa uku, wanda ya ci biyu ya ɗauka, kamar yadda gasar ƙwallon besbol ta jami'o'i da ake yi a Omaha take rufewa tun 2003. Ribar hakan ba ta kai yadda ake zato ba, domin ƙungiyar nan mai damar kashi 70 a wasa ɗaya damarta a wasa uku kashi 78 ce kawai. Ƙarin kashi takwas bai kai a sadaukar da daren da komai ya rataya a kan minti arba'in ba.

Ana iya ƙwace kambu bayan an ba da shi?

Ana iya ƙwacewa idan aka tabbatar ƙungiya ta saka ɗan wasan da shekarunsa huɗu na cancanta suka ƙare, ko mai kula da ita ya taɓa alƙaluman 'yan wasa ba bisa ƙa'ida ba. Idan an gano laifin ana cikin kaka, wasannin da abin ya shafa sukan koma nasara ga abokan karawa, a gyara tebur. Idan kuwa bayan an miƙa kofi ne, ana barin gurbin wannan shekara babu suna, ba a ba ta biyu. Haka NCAA ta yi a 2018 da ta soke kambun ƙwallon kwando na Louisville na 2013, ba ta mayar da shi ga Michigan da aka ci a wasan ƙarshe ba. Dalilin a bayyane yake: ƙungiyar da mai laifin ta fitar a wasan kusa da na ƙarshe ita ma tana da ikon cewa da ita ce ta je da ta ci, kuma babu hanyar tantance wannan.

Mai gudanar da gasa zai iya sake buga wasa ko sauya doka ana tsakiyar kaka?

Wannan haɗari ne da gasar gaske ba ta da shi, domin a gasar ƙage mutum ɗaya ne ke danna maɓallin da ke fitar da sakamako, kuma idan ƙungiyar da ta mamaye kaka ta faɗi da maki ɗaya a hannun ta shida, babu abin da ya fi sauƙi kamar ya ce manhaja ta samu matsala ya sake dannawa. Saboda haka ana buga wasannin zagayen sili-ɗaya-ƙwale a gaban aƙalla shaidu biyu da ba su da ƙungiya a cikin wasan, kuma sakamakon farko da ya fito shi ne sakamako. Ba a sake wasa sai idan manhajar ta tsaya kafin ta nuna makin ƙarshe, ko an loda jerin 'yan wasan da ba daidai ba, kuma shaidun ne za su tabbatar da hakan a rubuce.

Dokoki kuwa ana gyara su ne tsakanin kaka da kaka kaɗai, da amincewar takwas daga cikin kwalejoji goma sha biyu. Gyaran da aka amince da shi yana fara aiki daga kaka mai zuwa, kuma ba ya komawa baya ya taɓa sakamakon da aka riga aka rubuta.